Buraunis mai Oreo a ciki na Halowin: me ya sa tsakiya ke fitowa ɗanye?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki har sau biyu. Kin ce a wurin aikinku za a yi ɗan taron cin abinci ranar Halowin, bikin nan da ake yi a nan ranar 31 ga Oktoba, kowa zai kawo abin da ya iya, ke kuma aka rubuta sunanki a kayan zaƙi, shi ne kika gwada buraunis, wato kek ɗin cakulan mai danƙo, irin mai hawa ukun nan, kwaɓin kukis a ƙasa, Oreo (baƙin biskit mai kirim a ciki) a tsakiya, kwaɓin buraunis a sama, sai gefe ya fito da tauri kamar ƙanzo, tsakiya kuma ɗanye yana malala, idanuwan alawa da kika jera a kai duk suka narke. Kuma kina so ki san ko a kayan adon akwai abin da bai halatta ba. To tun farko ki kwantar da hankalinki, hannunki lafiya lau yake. Shekara 11 ke nan ina gashi ina sayarwa daga kicin ɗina a nan Amurka, kuma duk Oktoba sai an kawo min wannan ƙorafin, kusan kullum abu ɗaya ne, kwaɓin ya yi kauri a kwanon, sannan an yanka da zafi.

Duba abin da kika lissafa min. Kwanon gilashi mai inci 8 ta kowane gefe, kika danna naɗi guda cur na kwaɓin kukis na kanti a ƙasa, wanda ya kusa rabin kilo, kika jera Oreo, sannan kika juye kwali guda na garin buraunis da kika kwaɓa a kai. Wannan kwalin kaɗai ya isa ya cika kwanon nan ba tare da komai ba, to ina ga an ƙara masa hawa biyu. Zafi a oben daga waje yake shiga, yana bi a hankali har ya kai tsakiya, idan kaurin ya ninka ba ninki ɗaya lokacin ke ƙaruwa ba, ya fi haka sosai, kafin zafin ya ratsa ya isa tsakiya gefen ya riga ya bushe tuntuni. Ga kuma Oreo ɗin a tsakani, busasshen biskit ne mai kitse a ciki, yana tare zafi kamar an shimfiɗa tabarma tsakanin hawa biyun. Sai gilashin ya zo ya ƙarasa ɓarnar, domin gilashi yana jinkirin ɗaukar zafi, idan ya ɗauka kuma ba ya saki, kin fitar daga oben amma gefen yana ci gaba da gasuwa a kan kantar kicin. Shi ya sa ni buraunis a kwanon ƙarfe nake yi, mai hasken nan na alminiyam, ba baƙi ba, baƙin yana ƙona gefe. Idan gilashin kaɗai gare ki to ki rage zafi da digiri 25, wato maimakon 350 ki sa 325 a ma'aunin Farenhait da oben ɗin nan ke amfani da shi, ki kuma ƙara lokaci.

Shawarata ta gaskiya, tunda saura 'yan kwanaki kuma mutane za ki kai wa, ki bar hawa ukun nan tukuna, ki yi mai hawa biyu na buraunis da Oreo a tsakiya. Ya fi sauƙin gasuwa, ya fi kyan yanka, kuma ni a bakina ya fi daɗi ma, mai hawa ukun zaƙi ke masa yawa har mutum ya kasa cinye yanka ɗaya. Zan gaya miki yadda ake mai hawa ukun a ƙasa idan har ranki na kansa.

Ki ajiye kwalin nan ki kwaɓa naki, wallahi minti 15 ne. Kuma ki samu sikeli na kicin, ɗan ƙarami mai batir, ba shi da tsada. Mu da muka koyi kek da gwangwanin madara a gida na san sabo ne, amma buraunis ba ya yafe ƙarin fulawa, cokali biyu kacal idan suka ƙaru sai ya tashi daga mai danƙo ya koma busasshen kek, kuma kofi ɗaya na fulawa idan mutum biyu suka auna ba ya zuwa daidai, wata ta danna wata ta yayyafa. Ga awon da nake yi na kwano mai inci 9 ta kowane gefe: bota giram 170, wato sanda ɗaya da rabi na irin wanda ake sayarwa a nan, baƙin cakulan giram 115, farin suga giram 250, jan suga giram 50, manyan ƙwai 3, garin koko na cakulan giram 40, fulawa giram 100, gishiri kwatankwacin kashi uku cikin huɗu na ƙaramin cokali, sai Oreo guda 16. Za ki ga babu bekin foda, da gangan ne, ba tashi muke so ya yi ba. Botan kuma bota na gaske, ba na roba mai laushi da ake shafa wa burodi ba, wancan ruwa ya masa yawa.

Ki narka botan da cakulan tare a ƙaramar wuta, ko a kwano bisa tukunyar ruwan zafi, kina juyawa, da ya narke ki sauke ki zuba garin kokon a ciki tun da zafinsa ki gauraya, zafin kitsen ne ke fito da ƙamshin kokon, za ki ji kicin ya ɗauka nan take. A wani kwanon ki fasa ƙwan ki zuba suga duka biyun ki buga da miksa kamar minti 4, har ya yi fari ya yi kauri, idan kika ɗaga kan miksar yana zuba kamar zare. Wannan bugun kar ki yi masa ƙwauron lokaci, shi ne ke ba da fatar nan ta sama mai sheƙi mai tsattsagewa da ake gani a hoto, sirrinta kawai suga ya narke a cikin ƙwan, ki ɗan murza tsakanin yatsu biyu, idan kina jin tsakin suga da yawa ki ƙara bugu. Kuma ƙwan kar ya zama daga firij kai tsaye, ki jiƙa shi a ruwan ɗumi minti 10, ƙwai mai sanyi yana daskarar da botan. Sai ki tsiyaya narkakken cakulan ɗin a kan ƙwan a hankali kina juyawa, yana da ɗumi ba tafasasshe ba. Daga nan ki ajiye miksa, fulawa da gishiri da cokalin roba ake haɗa su, ki riƙa ɗebowa daga ƙasa kina kifewa, da farin fulawar ya ɓace ki tsaya. Yawan juyi bayan fulawa ta shiga shi ke sa ya yi tauri kamar roba.

Idan kina son ya fito baƙi ƙirin irin na dare, wanda shi ne kalar bikin, akwai wani garin koko da ake kira baƙin koko, an wanke shi da sinadarin da ke kashe tsami sosai har ya yi baƙi, irinsa ne ke ba biskit ɗin Oreo kalarsa. Amma kar ki yi da shi zalla, kitsensa kaɗan ne kuma ɗanɗanonsa ba shi da zurfi, rabi da rabi nake yi, giram 20 nasa giram 20 na koko na yau da kullum. Ya fi min a zuba baƙar kala ta kwalba, wadda ke rina wa mutane haƙora da harshe a wurin aiki.

Yanzu jerin. Ki shimfiɗa takardar gashi a kwanon ta yadda za ta leƙo ta gefe biyu, da ita za ki ɗago shi gaba ɗaya daga baya. Ki zuba ƙasa da rabin kwaɓin, kamar kashi biyu cikin biyar, ki baje. Ki jera Oreo huɗu-huɗu sahu huɗu, ki ɗan danna kaɗan don su zauna, kar ki nutsa su har ƙasa. Ragowar kwaɓin kar ki juye shi wuri ɗaya a tsakiya, zai ture biskit ɗin su gudu gefe, ki riƙa ɗiba da cokali kina ɗora wa kowanne a kai sannan ki haɗe su a hankali. Kowane Oreo ya rufu ruf, wanda ya leƙo waje zai ƙone ya yi ɗaci. Kuma ki lura da inda sahun yake, ni har ɗan alama nake yi a jikin takardar da biro, saboda lokacin yanka.

Nan ne ma adon gaske yake, kuma mutane da yawa ba su gane ba. Kamfanin da ke yin Oreo, biskit ɗin da tun 1912 ake yinsa, duk lokacin kaka yana fitar da na Halowin mai kirim ruwan goro a tsakiya, ɗanɗanonsa ɗaya da na kullum, kala ce kawai ta bambanta. To idan kika yanka ta tsakiyar biskit ɗin, ba ta tsakanin biskit da biskit ba, kowane yanka zai nuna layin ruwan goro a cikin baƙi, baƙi da ruwan goro kuwa su ne kalolin bikin gaba ɗaya, kin ga ko ba ki ɗora komai a sama ba kin gama ado. Sai dai ki saya da wuri, a satin ƙarshe na Oktoba yana ƙarewa a kantuna, wata shekara na zaga kanti huɗu ban samu ba ina da oda a hannu, tun daga lokacin a farkon wata nake saye in ajiye. Idan ba ki samu ba kar ki damu, na fari ma yana kyau a cikin baƙi. Mai kirim ninki biyu kuma yana ɗan narkewa ya bazu, ni na fi son na asali.

Gashi. Ki kunna oben tun kafin ki fara kwaɓi, aƙalla minti 20, ƙarar da yake yi cewa ya kai ba koyaushe gaskiya ba ce. Ki sayi ɗan ma'aunin zafi da ake ratayewa a ciki, oben na gidajen haya da yawa suna wuce abin da aka saita ko su gaza, nawa na tsohon gidanmu da digiri 25 yake wucewa kuma na daɗe ina zargin kaina kafin na gano. Kwanon ƙarfe, 350, wato wajen 175 a ma'aunin Salshiyos, a layin tsakiya na oben, minti 30 zuwa 35. Daga minti 28 ki fara dubawa. Gwajin tsinke a nan yana yaudara, domin idan kika soka ta kan Oreo tsinken zai fito fes ki ɗauka ya yi, ko ya fito da kirim ki ɗauka ɗanye ne, sai ki soka a tsakanin biskit huɗu, kusa da tsakiyar kwanon. Abin da kike nema shi ne tsinken ya fito da ɗan ɓurɓushi mai laima manne a jiki. Idan ya fito da ruwan kwaɓi ki ƙara minti 4, idan ya fito fes to ya wuce, ki fitar maza. Ki ɗan girgiza kwanon ma, gefe ya tsaya cak, tsakiya kuma kar ya yi rawa kamar kunu.

Yanzu abin da na fi so ki riƙe, kuma na san shi ya fi wuya saboda ƙamshi, buraunis ba a oben yake gama nuna ba. Lokacin da kika fitar, bota da cakulan ɗin ciki duk a narke suke, sai sun huce sun kama jikinsu sannan zai zama abin da wuƙa za ta iya yankawa. Ke da kanki kin ce bayan minti 20 kika yanka, to ko nawa da ya gasu daidai idan aka yanka a minti 20 malala zai yi, ina da yaƙinin rabin ɗanyen da kika gani zafi ne kawai. Ki bar shi a kwanon awa 2 a kan kanta, sannan ki sa a firij aƙalla awa 1, in ma ya kwana ya fi. Sai ki ɗago da takardar, ki samu doguwar wuƙa, ki tsoma a ruwan zafi ki goge, ki danna sau ɗaya har ƙasa ba tare da gurzawa kamar zarto ba, ki sake gogewa kafin yanka na gaba. Oreo ɗin ma a daren nan yake shan laima daga buraunis ya yi laushi kamar kek, washegari wuƙa ta wuce shi salin alin ba ya farfashewa. Shi ya sa na kwana ɗaya ya fi na ranar daɗi, kuma shi ya sa ba na karɓar odar da za a ce a yi yau a kai yau.

Idan kuma sai mai hawa ukun, to ga gyaran. Kwano mai inci 9 da 13 za ki ɗauka, wannan naɗin kukis ɗin guda ɗaya ki baje shi siriri a duk faɗin, kaurinsa kar ya kai na yatsa, ki sa a firij minti 20 ya yi sanyi don kar ya riga na sama gasuwa, ki jera Oreo 24, shida-shida sahu huɗu, sai kwaɓin buraunis ɗin da na ba ki ya rufe. Zafi 325, minti 40 zuwa 50, idan kin ga sama na neman yin duhu a wajen minti 30 ki yafa masa foyil sama-sama ba tare da kin liƙe ba. Kwaɓin kukis na ƙasan nan, mai ɗigon cakulan, shi ne wanda Ruth Wakefield ta ƙirƙiro a masaukinta na Toll House a jihar Masacusets a shekarun 1930, an yi shi ne don ya gasu a minti 10 a fili, to kin ga dole a lallaɓa shi idan za a binne shi ƙarƙashin wani abu na minti 45.

Sai ado na sama. Ƙa'idar ɗaya ce, duk abin da suga ne zalla bayan gashi ake sa shi, bayan ya huce sarai. Idanuwan nan suga ne da kala, oben na narka su baƙin ya zubo. Mafi sauƙi kuma mafi kyau a wurina shi ne saƙar gizo. Ki dafa kirim mai kauri mililita 120 har ya fara ƙananan kumfa a gefe, ki juye a kan yankakken cakulan giram 120, ki bari minti 2 sannan ki juya har ya yi sumul, ki shafe saman buraunis ɗin da shi. Tun bai daskare ba ki narka farin cakulan kaɗan, ki zuba a ƙaramar leda ki yanke bakin ɗan mitsitsi, ki zana da'ira cikin da'ira kamar guda biyar, sai ki ɗauki tsinken sakace ki ja layi daga tsakiya zuwa waje sau takwas kina goge tsinken, nan take za ki ga yanar gizo ta fito. Idan so kike kowane yanka ya samu tasa yanar to ki fara yankawa sannan ki yi wa kowanne, aiki ne amma ya fi kyau a faranti. Ɗayan da yara ke so shi ne na naɗaɗɗen mutum, a yi ta jan farin cakulan a kan yanka hagu da dama kamar bandeji, a bar ɗan fili a manna ido biyu tun bai bushe ba. Farin cakulan yana da saurin fushi, wuta kaɗan yake so, a maikurowef daƙiƙa 20 ki fitar ki juya ki mayar, kuma ɗigon ruwa ɗaya idan ya shiga sai ya dunƙule ya zama kamar tuwo. Saboda haka idan za ki rina shi ruwan goro kar ki sa kalar ruwa ta kek, akwai kala ta mai da aka yi don cakulan, ko ki sayi wanda aka riga aka rina.

Akwai wanda za ki gani ko'ina a intanet, a daka Oreo a barbaɗa ya zama ƙasa, a kafa dogon biskit a rubuta masa kamar dutsen kabari, a sa tsutsar alawa tana leƙowa. Ni wannan ba na yi, ko an biya ni, kuma ina faɗa wa masu oda a fili cikin mutunci, kabari ba abin wasa ba ne a wurina, na binne iyaye. Ba wanda ya taɓa jin haushi, sai su ce to a yi musu gizo ko kabewa.

Tunda mun zo nan bari in taɓa maganar bikin kansa kaɗan, don ki san abin da kike shiga. Asalinsa daga Ailan da Sikotlan ne, tsohon bikin ƙarshen girbi da shigowar sanyi na mutanen can da ake kira Samhain, inda suka yi imani a daren nan matattu da iskoki suna kusantar masu rai, daga baya ya haɗu da jajibirin ranar waliyyai ta coci ta 1 ga Nuwamba, shi ya sa yake faɗawa 31 ga Oktoba. 'Yan Ailan da yunwar shekarun 1840 ta koro su ne suka yaɗa shi a Amurka, a can gida wani tushe mai kama da rogo mai zagaye suke fafewa su sa fitila, da suka zo nan suka tarar da kabewa ta fi girma ta fi sauƙin fafewa. Shekarata ta farko da na ga yara sun yi shiga suna bin gida-gida da jaka ana zuba musu alawa, tashe ne ya faɗo min a rai, sai da na yi kewar gida, amma kamar ta tsaya ne a bin gida-gida kawai, tushen ba ɗaya ba ne. Gidana ba ma yi, a daren muna kashe fitilar ƙofa, wanda a nan kowa ya san ma'anarsa kar a ƙwanƙwasa, kuma ba wanda ke ɗaukarsa rashin kirki. Maganar ko ya dace ki kai abinci taron ofis wannan ki tambayi malamin masallacinku wanda ya san zaman nan, ni gashi na sani, a kansa zan tsaya.

Kayan da za ki kula da su kuwa, su na sani sosai don na sha tsayuwa a kanti ina karanta bayan leda. Babban abin shi ne jelatin, a rubuce za ki ga gelatin, kuma a Amurka idan ba a fayyace ba yawanci na alade ne. Yana cikin mafi yawan tsutsar alawa mai danƙo, yana cikin mashmalo, farar alawar nan mai laushi da ake yin siffar fatalwa da ita, yana cikin 'yar alawar nan mai kala uku mai siffar ƙwayar masara da ke cika kantuna a Oktoba. Wasu 'yan barbaɗe masu sheƙi kuma ana shafa musu wani abu da ake samu daga jikin ƙwaro, a rubuce confectioner's glaze, jar kala mai suna carmine ita ma daga ƙwaro take, malamai sun saɓa a kan waɗannan biyun, ni dai ina kauce musu tunda akwai madadin. Sai banila ta ruwa, wadda doka a nan ta ce sai tana da aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa kafin a kira ta tsantsar banila, shi ya sa ba ki gan ta a awon da na ba ki ba, idan kina so akwai ta gari da wadda aka rubuta babu barasa, ana samu a shagunan halal, rabin ƙaramin cokali ya isa, kuma gaskiya a buraunis mai cakulan da yawa haka ko babu ba a ji. Shi Oreo da man alade ake yin kirim ɗinsa a da, a shekarun 1990 suka koma man tsirrai, na yanzu babu jelatin a jerin kayansa, sai dai ba shi da tambarin halal a nan, ni ina amfani da shi, wasu ƙawayena ba sa yi, kowa da inda hankalinsa ya kwanta. Kwaɓin kukis na kanti da kwalin buraunis su ma ki juya bayansu ki karanta, kamfani kan canza kaya ba sanarwa, abin da kika karanta bara ki sake karantawa bana.

Kuma kamar yadda muke son a gaya mana abin da ke cikin abinci, su ma abokan aikinki suna da nasu, alaji, wato jikin mutum ya ƙi wani abinci, a ƙasar nan ba wasa ba ne, mutum na iya ƙarewa a asibiti. Abubuwa 9 doka ta lissafa, riɗi ne na ƙarshe da aka ƙara a 2023, kuma buraunis ɗin nan yana ɗauke da huɗu daga ciki, alkama, madara, ƙwai, da waken suya. Ki rubuta su a ɗan kati ki ajiye gaban farantin. Kar ki sa gyaɗa ko wani dangin goro na Turawa ko kaɗan, duk da cewa buraunis na farko da ake ba da labari, wanda aka yi a otal ɗin Palmer House na Cikago a 1893 lokacin babban baje kolin duniya, da irin wannan ƙwayar a samansa aka yi shi, a taron ofis ba ki san wa zai ɗauka ba. Idan wata rana makarantar yara ce ta nema ki fara tambaya, da yawa ba sa karɓar na gida sai na kanti mai rubutu a jiki, haka yaran da ke ƙwanƙwasa ƙofa ba a ba su na gida, iyayensu zubarwa suke yi.

Kin ce taron ranar Juma'a ne. To ki yi sayayya Talata, ki gasa Laraba da daddare bayan kin dawo aiki, ya huce ki rufe ki sa firij, Alhamis da yamma ki shafa cakulan ɗin sama ki zana gizon ki mayar firij awa 1 ya kama sannan ki yanka. Kwano ɗaya mai inci 9 idan kika yanka ta tsakiyar biskit zai ba ki 25, na gefe ƙanana na tsakiya manya, ya isa mutum 15 tunda akwai wasu kayan zaƙin, in sun fi haka ki yi kwano biyu daban-daban, kar ki ninka kwaɓin a kwano ɗaya mu koma gidan jiya. Ki jera su hawa ɗaya a roba mai murfi, kar ki ɗora wani kan wani yanar za ta goge, kuma saboda kirim ɗin saman ki bar su a firij ɗin ofis, ki fito da su kamar minti 40 kafin a fara ci, da sanyi tauri suke yi ɗanɗanon ma ba ya fitowa. Yankan farko ki ɗauko min hoton gefensa ki turo, daga layin nan na tsakiya zan gane ko oben ɗinki na wuce zafi.